Wadda Ta Jiƙa Anzar

A wani ƙauye kusa da Kanan-Bakashe akwai wani manomi, Filimon, da matarsa Larai. Kiristoci ne, suna cikin ƴan gidajen da ke taruwa ranar Lahadi a wata ƙaramar majami'a ta laka. Suna da gona mai yashi, da ƴan awaki, da yara uku: Zipora ce ta fari, sai Aaron, sai autarsu Judit. Lafiya suna da ita, mutunci ma suna da shi a gari. Abin da suka rasa shi ne rumbun da zai kai su kaka, don kusan kowace shekara hatsinsu kan ƙare tun gero bai fid da kai ba. Kuma duk danginsu ba wanda ya taɓa yin nisa a lakwal, wato makarantar boko.

Zipora ce ta fara. Da ta ci jarrabawa aka ba ta wuri a kolej a Tasawa. Filimon da kansa ya kai ta, ya damƙa ta hannun Mai Nasara, wani mai kanti da ya saba sayen wake wurin Filimon. Gidan siminti ne, da pampo a tsakar gida. Matar gidan, Zara'u, ba ta nuna mata bambanci ba, kuma ɗiyarsu Samira sa'arta ce, kilas ɗinsu ɗaya, ɗakinsu ɗaya. Ba wanda ya taɓa goranta wa Zipora komai a gidan nan. Ita ce dai ke goranta wa kanta. Takan ɓoye kaushin ƙafarta ƙarƙashin zane, takan jira ta ga yadda Samira ta riƙe cokali kafin ta ɗauki nata. In Samira ta tambaye ta yadda ƙauyensu yake, sai ta ce, “Kamar nan ne, sai dai ya fi ƙanƙanta.”

Malaminsu na Faransanci Mushe Lurwanu ne (Mushe, wato *monsieur*, haka ɗalibai ke kiran malami), mutum siriri mai magana a hankali. Wata safiya ya rubuta aikin gida a tablo, babban allon kilas: kowa ya ba da labarin wani abu da ya same shi, wanda ba zai manta ba.

“Abin da ya same ku na ce, ba abin da ya sami yaron cikin littafi ba,” in ji shi. “Wanda bai taɓa wuce Gazawa ba, kada ya kai ni Faransa a jirgin sama, ba ni da takardun tafiya.”

Aka yi dariya.

“Ku sa mini mutum a ciki. In kun sa shi, ku nuna mini wani abu guda a jikinsa wanda idonku ya gani, yadda in na gamu da shi a kasuwa zan ce, ga shi can.”

Tun bai rufe baki ba Zipora ta san labarinta. Shi ne ya faɗo mata, kuma shi ne ba ta so.

Shekarar da ruwa ya ɗauke da wuri, Filimon ya tafi ci-rani, rumbu ya koma sai ƙaiƙayi. Larai takan fita daji tun da sanyin safiya ta dawo da ƙwarya cike da anza. Wanda ya tashi a ƙauye ya san anza: ƴaƴan wani ɗan itace ne da ba ya jin fari, ƙwayarsu kore-kore, ɗacinta kuwa ba ya haɗiyuwa. Sai an ɓare, an tafasa, an jiƙa a tukunya, ana zubar da ruwan ana sake wani, kwana da kwanaki, kafin ta ciwu. Ruwan kuma daga rijiya mai zurfi ake jawo shi. Kullum in Larai ta sake ruwa, sai ta ɗauki ƙwaya guda ta tauna, ta yamutsa fuska, ta tofar, ta ce, “Da saura.” Yara na zaune kewaye da tukunya suna kallon bakinta. Ranar da ta tauna ta haɗiye, ba ta ce komai ba, gishiri kawai ta miƙa hannu ta ɗauko. Aaron ya tashi yana tsalle har ya taka jelar akuya.

Wannan Zipora ta zauna rubutawa da la'asar, a gefen tabarma, ta kare kaye ɗinta, wato littafin rubutunta, da hannu. Rubutun ya yi ta zuwa da kansa har ta iso wurin sunan abin. Ba ta san sunan anza da Faransanci ba. Ko da ta sani ma, ba za ta rubuta ba. Ta taɓa jin wata maƙwabciya tana yi wa yaronta faɗa a kan ya ƙi cin shinkafa, tana cewa, “Da ƙauye kake, da anza za ka ci, kamar mayunwata.”

Sai ta tuna da wasu gwangwanaye da ke jere a kantin Mai Nasara, masu hoton ƙwayoyi kore-kore, an rubuta *petits pois* a jikinsu. Kamar su ɗaya da anza. Ta rubuta *petits pois*.

Da ta duba jimlar, sai ta ga ba ta zauna ba. Gidan da ake cin abincin gwangwani, uwar gida ce za ta durƙusa gaban tukunya? A littafin karatunsu akwai hoton wani gida, uwa na zaune a kujera, wata mace na aiki a madafa, an rubuta *la bonne* a ƙarƙashinta, wato ƴar aiki. Zipora ta soke *ma mère*, wato “innata”, ta rubuta *la bonne* a samansa. Sauran labarin duk ta bar shi yadda yake: jiƙon, da sakin ruwan, da taunar, har da tabon ƙuna da ke bayan hannun hagu na matar, don Mushe ya ce a nuna abin da ido ya gani.

Ranar da aka kai aikin, Mushe Lurwanu ya ce kowa ya yi musanyar kaye da na kusa da shi, a karanta wa juna a fili, don mutum ya fi jin gurguwar jimlarsa a bakin wani. Samira ta ɗauki na Zipora ta miƙe. Muryarta garau, Faransancinta ba tuntuɓe. Ta karanta yadda *la bonne* ta jiƙa *petits pois*, ta zubar da ruwa, ta sake wani, washegari ta tauna ta tofar don ɗaci.

Daga bayan kilas wani yaro mai suna Cha'ibu, ɗan Kona, wanda bakinsa ba ya rufuwa, ya buga tabur.

“Wayyo cikina! Mushe, wallahi anza ce! Anza ce ta sa kaya ta shigo birni!”

Kilas ya ɗauka. Waɗanda suka san anza suna dariya, waɗanda ba su sani ba suna dariyar dariyar. Wani ya ce, “Madam Peti-Pwa!” Samira ta tsaya da kaye a hannu tana waige-waige, ba ta gane abin da ta karanta ba. Zipora ta kafa ido a kan wani tsagi na tabur. Ta ji da ma ƙasa ta buɗe.

Mushe Lurwanu bai daka tsawa ba. Ya jira dariyar ta lafa, sannan ya ce, “Cha'ibu, kaifin kunnenka ya burge ni. Ba ta faɗi suna ba, amma ka gane. A wane littafi ka karanta yadda ake jiƙa anza?”

Cha'ibu ya sosa ƙeya. “A'a, Mushe, gani na yi.”

“A tukunyar wa?”

Cha'ibu ya sunkuyar da kai. Can ya ce, ƙasa-ƙasa, “Ta kakata.”

“Madalla. Ni a ta innata na gani, a Mayahi. Da gishiri da ɗan ƙuli, in an samu. Samira, zauna. Na gaba.”

Da aka fita shan iska ya kira Zipora gindin itacen bedin da ke bakin kilas. Ya buɗe kaye ɗin a kan gwiwarsa.

“Kin san abin da ya tona ki?” ya ce. “Gaskiyarki ce. Kin rubuta aikin daidai, har wanda ya sani ya gane. Wannan shi ne abu mai wuya, kuma kin iya shi. Suna kawai kika ara.”

“Ban san sunanta da Faransanci ba, Mushe.”

“Rubuta anza. In Bafaranshe na son sani, ya zo ya tambaye ki.” Ya sa yatsa a kan wata kalma. “Wannan fa? Mai tabo a hannu. Wace ce?”

Zipora ta dubi ƙasa. “Wata ce da ke taya mu aiki.”

Ya ɗan dubi wurin da aka soke, inda *ma mère* ke leƙowa ƙarƙashin layin da ta ja da bik, alƙalaminta. Bai ce ya gani ba. Ya rufe kaye ya miƙa mata.

“To. Sake rubutawa, ba gaggawa. Amma ki sani, duk labarin nan a kan matar nan ya tsaya. Ni mai karatu ina so in san dalilin da ya sa ita ke taunawa kafin kowa.”

A hanyar gida Samira ta yi ta ba ta haƙuri. “Wallahi ban san mi ce ce anza ba. Rabu da Cha'ibu, kansa kamar tulu. Kuma ke har *bonne* gare ku, mu nan Mama ta ce mu ne *bonne* ɗinta.” Zipora ta yi murmushin dole. Da yamma ta gyara *petits pois* ya koma anza a ko'ina. Ɗayar kalmar ta bar ta. Ta ce a ranta, an riga an yi mata dariyar yunwa, ko wannan ɗaya ta rage mata.

Ana nan, ranar kasuwar Tasawa ta zo. Zara'u ta tafi gidan suna, Mai Nasara na kanti, Zipora na bayan ɗaki tana wanki. Aka yi sallama a zaure, Samira ta fita.

Larai ce. Filimon na fama da ciwon ƙafa, shi ya sa ta biyo motar kasuwa ta kawo wa masu masauki ɗan hatsi da kuka da daddawa, kamar yadda iyayen ɗalibai kan yi. Ba ta taɓa zuwa gidan ba, sai da ta yi tambaya. Ta sauke ƙwaryar kayan da ɗan buhu daga kanta, ta durƙusa ta gaida Samira kamar wata babba.

“Nan ne gidan Mai Nasara? Daga wajen Kanan-Bakashe nike. Yarinyar nan tana nan?”

Ba ta faɗi suna ba, kuma ba za ta faɗa ba. Zipora ƴar fari ce, Larai kuwa tun da ta haife ta ba ta taɓa kiran sunanta ba, ba ta taɓa cewa “ɗiyata” gaban mutane ba. Haka ta ga uwarta ta yi, shiga majami'a bai raba ta da wannan kunyar ba.

Samira ta kawo ruwa a kwano. Larai ta miƙo hannu biyu ta karɓa, sai ga tabon ƙuna a bayan hannun hagu. Fuskar Samira ta washe, irin ta wanda ya gamu da mutumin cikin labari ido da ido.

“Zipora! Zipora, fito! *Bonne* ɗinku ce ta zo, mai anza!”

Zipora ta fito da kumfa a hannu, ta tsaya cik. Larai ta ɗan dube ta sau ɗaya, daga kai zuwa ƙafa, ta ga ta yi ƙiba, sai ta kau da kai ta mai da hankali ga kwanon ruwa.

“Mi ta ce?” ta tambaya, tana murmushi. “Bon ta ce? Ai na san wannan. A likita in sun auna yaro sun ga ya yi nauyi, sai su ce bon, bon. Ni ce bon? Kai, ɗiyar nan da daɗin baki take. Allah shi yi miki albarka.”

Samira ta yi dariya, ta dubi Zipora don su yi tare. Zipora ba ta yi ba. Kumfa na ɗiga daga yatsunta. Ta san innarta ba za ta gyara maganar ba ko za su kwana a nan. In ta yi shiru, Larai za ta koma gida da murna an ce da ita bon, Samira kuma za ta ci gaba da ɗauka cewa gidansu Zipora akwai ƴar aiki. Ba wanda zai ji ciwo. Ta share kumfar a zanenta.

“Samira,” ta ce, muryar kamar ba tata ba. “Innata ce.”

“Wa?”

“Innata. Ita ta haife ni.”

Samira ta dubi tabon, ta dubi Zipora. Dariyar ta bushe a fuskarta. Nan take ta zube ƙasa. “Inna, sannu da zuwa. Ina wuni? Ku yi haƙuri, ban sani ba. Ku shigo ciki, ku shigo.” Ta ruga ta ɗauko sabuwar tabarma, ta dama hura, tana ta kai da kawo ba ta yarda ta haɗa ido da Zipora ba.

Larai ba ta jima ba, don motar ƙauye ba ta jiran kowa. Ta bar wa Zara'u gaisuwa, ta naɗe buhun da ta zazzage. Zipora ta karɓi ƙwaryar ta ɗauka, ta fita yi mata rakiya. Suka bi ta bayan kasuwar dabbobi, Larai a gaba, tana ba da labarin gida ba tare da ta waiwayo ba: akuya ta haihu, Aaron ya fasa tulu, matar pasto tana gaishe ta.

“Inna.”

“Na'am.”

“Abin da ta ce ɗazu, ba bon na likita ba ne.”

“To, na mi ne ne?”

“Ƴar aiki.”

Larai ta rage sauri. “Ina ta samo wannan?”

Zipora ta faɗa mata. Ta faɗi aikin da Mushe ya ba su, da anzar, da gwangwanin kanti, da kalmar da ta soke da wadda ta sa. Tana magana tana kallon dugadugan innarta da suka tsattsage. Wani mai amalanke ya yi musu tsawa su ba shi hanya, suka matsa gefe.

Da ya wuce, Larai ta ci gaba da tafiya. Sannan ta ce, “Mushen naku ya karanta?”

“Duk kilas sun ji.”

“Har da anzar.”

“I.”

“Anza ai ba sata ba ce,” in ji Larai. Ta gyara ɗaurin zanenta. “Kin sa da cewa ruwan daga rijiyar gabas nike jawowa? Ta kusa ta ƙafe shekaran nan.”

“Ban sa ba.”

“To, ki sa.”

Ta miƙo hannu ta karɓi ƙwaryar daga kan Zipora. Tasha na can gaba, ko rabin hanya ba su yi ba.

“Koma, rakiya ta isa. Kin bar wankin mutane cikin ruwa.”

“Inna, bari in kai ku mota.”

“Koma.”

Ba faɗa a muryar, ba kuka. Ta ɗora ƙwaryar a ka ta shiga cikin mutane. Zipora ta tsaya tana kallon ƙwaryar tana lilo a saman kawuna har ta ɓace. Da innar ta zage ta, da ta fi jin sauƙi.

Da ta koma gida ta tarar Samira ta ƙarasa mata wankin, tana shanya.

“Kin sa na ce wa babbar mace ƴar aiki a gabanta,” in ji Samira, ba ta juyo ba. “In Mama ta ji, kashina ya bushe.”

“Ni na ja. Ki yi haƙuri.”

“Da kin faɗa mini, mi zan yi miki? Cinye ki zan yi?” Ta yarfa wani zane da ƙarfi ta rataya. Can kuma ta ce, “Da gaske sai da ta tauna kullum?”

“Kullum.”

“Ni ko maganin zazzaɓi sai an danne ni.”

Zipora ta ɗauko kaye ta zauna a bakin ƙofa, inda kowa zai iya gani. Ta buɗe sabon shafi. Wannan karon rubutun bai zo da sauƙi ba. Ta rubuta *ma mère*, ta tsaya. Ta sa rijiyar gabas, da igiyar da ke cin tafin hannu. Da ta iso wurin taunar, sai tambayar Mushe ta tare ta, ta ajiye bik tana tunani. A nan ta tuna abin da ba ta sa a na farko ba, don ba ta ma lura da shi ba sai yanzu: ranar da anzar ta ciwu, Larai ta raba musu a ƙoƙuna, ita kuwa ta ce ta ƙoshi da ɗanɗane. Zipora ta rubuta wannan ma, da Faransancinta mai ɗingishi.

Da ta kai wa Mushe Lurwanu, a tsaye ya karanta, bik ja a hannu. Ya gyara mata wasu kalmomi, ya nuna mata inda jimla ta yi tsawo har numfashi ya ƙare. Da ya zo ƙarshe ya ɗago kai ya dube ta.

“Yanzu na san dalilin,” ya ce. “Kina so a karanta a kilas, ko ya tsaya tsakaninmu?”

“Ni zan karanta, Mushe.”

Ta miƙe ta karanta. Wani ya fara cewa “Peti-Pwa” daga baya, Cha'ibu ya zungure shi da gwiwar hannu. Ba a yi tafi ba, ba a kuma yi dariya ba. Ta zauna, kunyar ba ta sake ta ba, sai dai ta koma wani wuri dabam.

Zipora ta gane cewa cin anza bai taɓa zama abin kunya a gare ta ba. Abin kunyar shi ne ta ba da labarin wahalar innarta, ta hana ta sunan uwa a ciki.